Aljanun da Ke Zuwa da Sanyi

Dinar dubu shida Nuwari mai gyaran gas yake bi, kuma har yau ba a daidaita a kan wanda yake bi ba. In ka tambayi Alhaji Mubarak, zai ce Rabiha ce ta kira shi. In ka tambayi Rabiha, za ta ce tukunyar gas mai ɗumama gidan ba tata ba ce. Dubu biyu na dubawa ta biya tun a ranar, a tsaye, ta sa ya ƙirga a gabanta. Shidan da suka rage kuɗin huda rufi ne da sabon bututu.

Ranar Alhamis ce, ƙarshen Nuwamba, sanyin garinmu Satif ya fara shiga ƙashi. Rabiha na tsaye a ƙofar gidan Alhaji Mubarak da sandarta, ɗanta Lyamin a dama, Nuwari a hagu da akwatin kayan aiki. Shi kuma Duwadi dillali ya tare ƙofa da tumbinsa, yana roƙonta don girman Allah ta sallami mai gas.

Wai Alhaji sau biyu yana zuwa Makka. Wai shi ya sayi kafet ɗin masallacin unguwa. Mutum irin wannan a shigo masa gida da sukundireba, ai an ce da shi maƙaryaci ke nan. Mai sayen gida, in ji Duwadi, dabe yake dubawa, ya duba takardu, ya tambayi halin maƙwabta. Shekara ashirin yana dillanci bai taɓa ganin wanda ya duba tukunyar ɗumama gida ba.

"Malam Duwadi," Rabiha ta ce, "ranar da na sayi tunkiya sai da na buɗe bakinta, kuma mai ita ma Alhaji ne. Wannan kuwa awarwarona ne gaba ɗaya, da gonar marigayi mijina. Matsa."

Ya matsa.

Gidajen layin nan ba a taɓa su ƙasa da biliyan uku a lissafinmu na santim, wanda ɗari ke yin dinar guda. Wannan biyu aka ce, kuma kowa a unguwar ya san dalili. Aljanu. Shekara uku ke nan, da zarar sanyi ya shigo suke sauka. Mutanen gidan su tashi da ciwon kai, da amai, da wani barci mai nauyi kamar an danne su. Sau biyu Hajiya Zuhur, matar Alhaji, tana sumewa a kan sallaya. Maknin uku, tsuntsayen waƙar nan da mazanmu suka fi so a kan surukansu, suka mutu a keji ɗaya bayan ɗaya. Da bazara ta zo kuma shiru, kamar ba a taɓa yi ba.

Shehu Buzid mai ruƙiya ne ke kula da su. In ya zo, abu na farko sai ya sa a buɗe duk tagogi da ƙofofi don baƙin su sami hanyar fita. Ya yi karatu, ya yayyafa ruwa, kafin awa guda kowa kansa ya washe. Ya karɓi ambulan ɗinsa, sau ɗaya ma har da rago. Bayan kwana biyu su dawo. Shehu ya ce masu taurin kai ne, tun zamanin Faransa suke zaune a filin.

Rabiha ko sunanta ba ta iya karantawa. Amma shekara ashirin da biyu ta yi tana goge daben asibiti, kuma duk sanyi tana ganin yadda ake shigo da gida guda a kan gadaje, uba da uwa da 'ya'ya, kumatunsu jajur kamar sun sha gudu. Ta yarda akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne aljanin da ke tafiya hutun bazara. Tun ranar da ta ji labarin gidan ta yi lissafinta, ba ta gaya wa kowa ba, har Lyamin. Za ta sa a duba, ta tabbatar, ta ja bakinta ta yi shiru. Yau a ba da kafin alƙalami, bayan kwana goma a sa hannu, sannan a gyara abin da 'yan dubbai. Biliyan guda ta zauna a aljihu. Lyamin da matarsa da yara uku su fita daga ɗaki biyun hayar da suke ciki, inda ake naɗe katifa kafin a buɗe firji.

Shi ya sa tun a cikin bas ta ja kunnen Nuwari: duk abin da ya gani, a kunnenta zai faɗa.

Alhaji ya tafi kasuwa, Hajiya Zuhur ce ta tare su. Ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, yankakken dankali jere a goshi don ciwon kai. Ta kawo kofi da madara tana ba da haƙuri, wai tun shekaranjiya da aka kunna ɗumi baƙin suka iso, bana ma da wuri. A kan doguwar kujera jikarta Nihad na barci, yarinya 'yar shekara huɗu, ƙarfe sha ɗaya na rana. Ubanta yana Marsiliya can Faransa, uwarta ta tafi aiki. Hajiya ta ce yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya, yau ko gurasa ta ƙi.

Rabiha ta kalli kumatun yarinyar sau ɗaya, ta kau da kai ta yabi labule.

Tukunyar tana barandar bayan kicin, wadda Alhaji ya rufe da alminiyam da gilashi kamar yadda kowa ya yi don a sami wurin ajiye buhun garin kuskus. Nuwari ya cire murfin, ya tsuguna. Harshen wutar rawaya ne yana rangaji, maimakon shuɗi. Bangon sama an yi masa sabon fenti, amma baƙin hayaƙi ya riga ya fara ɓullowa ta ƙasa. Ramin shan iska na jikin bango an cusa masa tsohon wandon ulu. Akwai wani ɗan abu da ke kashe tukunya da kansa in hayaƙi ya dawo ciki, shi kuma an zagaye shi da guntuwar waya. Hajiya ta ce ƙanenta ne mai gyaran rediyo ya yi musu wannan taimakon, don a da tukunyar ta cika mutuwa, tun da ya taɓa ta kuwa ba ta sake ba, Allah ya saka masa.

Nuwari ya ce amin. Ya ciro wata 'yar na'ura daga aljihu ya kunna. Nan take ta fara kuka ba tsayawa.

"Kun ji ko," Hajiya ta ce. "Har na'ura tana ganinsu."

Ya kashe tukunyar, ya rufe gas, ya ce zai hau sama ya ga inda bututun hayaƙi ya fita. Rabiha ta bi shi da sandarta tana hutawa duk bayan matakala uku, Lyamin da Duwadi a baya.

Rufin shimfiɗe yake da kankare, rodi a tsaitsaye kowanne da kwalba a ka. Shekara uku da suka wuce Alhaji ya zuba shi don ya ɗora wa ɗansa na Marsiliya bene, ɗan kuwa har yau yana cewa baɗi. Nuwari ya zagaya sau biyu, ya auna da ƙafa daga bakin bango, ya tsaya a wani wuri mai santsi ya buga da dunduniya.

"Gwaggo Rabiha, a nan ya kamata ya fito. Magini ya zuba masa siminti a ka. Shekara uku hayaƙin nan yana hawa, ya tarar da rufi, ya koma ya kwana da su."

Lyamin ya tambaya to yaya aka yi suke raye. Nuwari ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan. Sai Duwadi, don ya nuna shi ma ya san gidan, ya ce ai barandar a da ba haka take ba, akwai gilashi guda da ya daɗe a fashe, har kyanwa na shiga ta nan. Shi ya ba Alhaji shawara a sa sabo makon jiya, don kada masu saye su raina.

Duk suka juyo suka kalle shi. Duwadi ya ji abin da ya faɗa, ya shiga gyara hularsa.

Shi ne kuma ya fara farfaɗowa. Ya rage murya ya ce yanzu fa hankali za a yi. Kwana goma ne kawai. Mutanen da suka yi shekara uku, kwana goma ba za ta gagare su ba. In Alhaji ya ji cewa siminti ne ba aljanu ba, biliyan biyu ta tafi, cinikin ma ya tafi. Bai ambaci la'adarsa ba, amma kowa ya ji ta a cikin maganar. Ya juya ga Lyamin ya tuna masa ɗaki biyu da katifu. Lyamin malamin makaranta ne, yana koya wa yara tarbiyya, sai ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Nuwari ya ce shi dai ya rufe gas. Rabiha ta ce Alhaji kuma yana dawowa zai buɗe, tunda talabijin ta ce dusar ƙanƙara na nan tafe kafin Juma'a.

"Shekara ukun da taga a fashe suka yi ta," Nuwari ya ce. "Da gilashi sabo, ni ban ba su kwana biyu ba."

Rabiha ta tsaya tana kallon kwalaben da ke kan rodi. Sannan ta ce kowa ya rufe bakinsa, ta san abin yi.

Ta sauka, ta wuce kicin, ta shiga baranda kamar mai auna inda za ta ajiye tukwane. Ta gane sabon gilashin, takardar shago ma ba a ɓare ba. Ta ɗaga sanda tana nuna wa Hajiya wani abu a silin, ta juyo da ƙarfi. Gilashin ya tarwatse, iska mai sanyi ta shigo.

Ta yi salati, ta ce tsufa ne, hannu ba ya jin magana, za ta biya. A ranta kuwa ta gama lissafi: gilashi dubu ɗaya da ɗari biyar, mutanen gida su kai kwana goma da ransu, biliyan tana nan. Ba ta taɓa yin ciniki mai araha haka ba.

Hajiya Zuhur ta ce don Allah kada ta damu, tsautsayi ne. Ta share ɓaraguzan. Ta ɗauko kwalin firji ta yanka daidai, ta ninka tsohon bargo ta ɗora, ta bi gefe huɗu da salatif, ta sake bi. Ta sa tafin hannu ta ji ko iska na shigowa, ta ƙara wani layin. Shekara arba'in tana yaƙi da sanyin Satif, ta san aikinta. Kafin kofi ya huce wurin ya fi gilashin toshewa.

Rabiha ta ce ko za a bar wata taga a buɗe, gidan ya sha iska. Hajiya ta ce yarinya za ta kamu da mura. Rabiha ta ce ai ta ji Shehu Buzid da kansa yana sa a buɗe. Hajiya ta ce wannan lokacin karatu ne, don su fita. In an gama dole a rufe ruf, in ba haka ba ta nan za su dawo. Shehu ya nanata wannan sosai.

A nan Nihad ta farka. Ta sauko daga kujera tana tangaɗi, ta rasa kakarta, ta zo ta jingina da gwiwar Rabiha ta ce ruwa. Lyamin ya miƙo kofin ruwa. Kafin ya kai bakinta ta sake yin barci a tsaye, kanta a cinyar tsohuwar da ba ta sani ba.

Rabiha ta san wannan nauyin. Ta sha ɗaga irinsa a asibiti in ma'aikata sun yi kaɗan, kuma ta san waɗanda aka mayar gida da waɗanda aka rufa wa zane. Ta miƙa wa Lyamin sandarta, ta ɗauki yarinyar, ta fita da ita ƙofar gida cikin sanyi, Hajiya na bin ta da bargo tana cewa mura.

Suna fitowa sai ga Alhaji Mubarak, gurasa a hammata, keji a hannu an lulluɓe shi da ƙyalle. Maknin na huɗu ya sayo. Duwadi ya yi sauri ya tare shi da gaisuwa mai tsawo, yana yi wa Rabiha ido ta bayan kafaɗarsa.

"Alhaji," ta ce, "gidanka babu aljanu. Bututun hayaƙi magininka ya toshe da siminti. In kuka kunna abin nan yau, gobe sai dai a ɓalle ƙofa a fito da ku. Yarinyar nan asibiti za a kai ta yanzu, da ita da Hajiya."

Abu na farko da Alhaji ya yi shi ne ya duba layi dama da hagu, ya ga wa ya ji. Mai shagon kusurwa ya ji. Matan bene na gaba ma sun ji. Ya ce maginin mutum ne mai salla, a sahun farko yake tsayawa. Ya ce shi da kansa ya tsaya a kan aikin daga safe har magariba. Ya ce bai san an fara shigo wa mutane gida da ma'aikata ba tare da izini ba, ya kalli Duwadi, Duwadi ya kalli sama.

Rabiha ta ce ya yi faɗansa daga baya. Ta sa Duwadi ya buɗe motarsa, wadda ba ya bari a shiga da takalmi mai laka, aka sa Hajiya da yarinyar, Lyamin ya bi su. Can aka sa musu abin shaƙar iska har la'asar. Likita ya ce an zo a kan lokaci, ya tambaya wa ya gane, Lyamin ya ce mahaifiyarsa.

A gida kuwa Nuwari ya je ya ɗauko injin huda kankare. Alhaji ya ce ba zai yarda a ɓata masa rufi ba. Nuwari ya ce to shi ma ba zai buɗe gas ba, kuma zai kai rahoto a yanke layin. Aka huda. Da ƙarfen ya faɗa cikin ramin, baƙin gari ya bugo sama ya wanke wa Alhaji farar jallabiya har gemu. Nuwari ya ɗora sabon bututu, ya cire wayar mai gyaran rediyo, ya zaro wandon ulu ya miƙa wa mai shi. Ya kunna. Wuta ta tashi shuɗiya, tsaye cak. Na'urar aljihu ta yi shiru.

Alhaji ya daɗe a gaban tukunyar da wandonsa a hannu. Rabiha na zaune a kicin tana jira ta ji da wace kalma zai fara.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Shehu Buzid ya faɗa. Ya ce sauƙi na nan zuwa a wannan watan, ta hannun wanda ba a zata ba."

Daga nan ya gyara murya ya ce game da ciniki, tunda Allah ya yaye abin, ba zai zalunci 'ya'yansa ba. Gidan biliyan uku da miliyan ɗari biyu ne, don ga sabon bututu. Sannan akwai maganar gilashi.

Rabiha ta sa hannu a ƙirji ta ciro jakarta. Ta ƙirga dubu ɗaya da ɗari biyar ta ajiye a kan tebur, ta ce ya ƙirga. Ta ƙirga dubu biyu ta ba Nuwari. Kuɗin kafin alƙalami ta mayar inda suka fito. Nuwari ya rubuta dubu shida a takarda ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya ce shi bai kira kowa ba. Nuwari ya miƙa wa Rabiha, ta ce ita dubawa ta ce, ba ta ce a huda rufin mutane ba. Amma ta karɓi takardar ta ninke, ta ce ya bar ta a wajenta.

A bas ɗin komawa dusar ƙanƙara ta fara sauka. Da suka wuce tasha huɗu, Lyamin, wanda ya dawo daga asibiti ya ɗauke ta, ya juyo wajenta.

"Umma, biliyan guda fa."

"Na fi ka iya ƙirga," ta ce. "Ja tagar nan, ka bar ɗan wuri."

Duwadi tun ranar ba ya gaishe ta. Shehu Buzid an kai masa rago na biyu, kuma yanzu daga garuruwa ake zuwa wajensa, don labarin gidan da ya gagara shekara uku ya bazu. Nuwari ya je wajen Alhaji sau ɗaya da kansa, ya dawo da kwalbar ruwan ruƙiya da addu'a mai tsawo.

Bayan mako guda uwar Nihad ta ƙwanƙwasa ƙofar Rabiha da faranti a lulluɓe. Makrud ne, cincin mai dabino a ciki, irin wanda Hajiya Zuhur ke yi sai da salla. Ba saƙo, ba komai. Yarinyar na maƙale da rigar uwarta tana tsalle a kan matakala.

To a wajenmu faranti ba ya komawa wayam. Rabiha ta wanke shi, ta cika shi da sukari mai ƙwaya, ta sa takardar Nuwari a ƙasa, ta aika. Juma'ar da ta biyo farantin ya dawo da kuskus da naman rago, takardar a ninke a ƙarƙashinsa, an ma goge mata maiƙo. Rabiha ta mayar da lemo. Aka dawo da gurasa mai zafi.

Yanzu sanyi ya wuce, maknin na huɗu yana ta waƙa a barandar Alhaji har ana jin sa daga shagon kusurwa. Lyamin na nan yana naɗe katifa kafin ya buɗe firji. Jiya da hantsi na ga farantin ya sake wucewa, ya nufi gidan Alhaji, gefen takardar na leƙowa ta ƙasan ƙyalle.